Daga Zariya zuwa Guangzhou: wace hanya ta fi?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Bizar Caina ta fito, zan je sarin kayan waya lokacin baje kolin Canton na Oktoba da ake yi a birnin Guangzhou. Wai nisan ya kai nawa ne, kuma ta ina ya fi a bi?

Alhajin Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya albarka. Daga Kano zuwa Guangzhou a miƙe kusan kilomita 11,000 ne, amma babu jirgin da zai kai ka kai tsaye, dole ka yada zango. Ni jirgin kamfanin Ethiopian na Habasha nake bi. Kano zuwa Addis Ababa kilomita 3,300 da 'yan kai, awa biyar ko ƙasa da haka. Daga Addis kuma sai doguwar, kusan kilomita 8,000, awa goma zuwa sha ɗaya kana ɗaure a kujera. Addis tana kusan kan hanya, ba wani zagaye.

Malam na Samaru: Ranka ya daɗe, a ƙara masa da lissafin agogo. Caina ta riga mu da awa bakwai, Addis da awa biyu. Lokacin da ke kan tikiti na garin da aka sauka ne, kar ka tara ka ga kamar awa ashirin da wani abu za ka yi a sama.

Maman Ummi: Ni dai ƙanena, kar ka tsaya kan kilomita, dubi tsawon zaman jiran. Ta Doha ko Alƙahira ma ana zuwa, amma tikiti mai araha wani lokaci kwana yake sa ka a kan benci. Jiran awa uku zuwa huɗu ya isa. Ka nemi kujerar bakin hanya, ta taga daɗin hoto kawai gare ta. Ƙafa tana kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ka je da silifa, ka riƙa tashi kana ɗan zagayawa.

Ɗan Tudun Wada: Na gode Hajiya. Salla fa?

Malam na Samaru: Ƙasaru da jam'i. Ka yi alwala a Addis kafin a kira ku, banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar ake yi.

Alhajin Sabon Gari: Katin allurar shawara ya zama yana cikin fasfo. Batirin caji kuma a jakar hannu, ba a akwati ba. Ka sauke WeChat, manhajar saƙo ta Caina, tun kana gida, don WhatsApp da Google ba sa aiki a can. In ka sauka Baiyun, filin jirgin Guangzhou, ka nufi unguwar Xiaobei, akwai abincin halal da 'yan uwa.

Maman Ummi: Kuma don Allah ka kwana Kano. Kar ka ce sai da safe za ka tari mota a Kwangila.

Ɗan Tudun Wada: To Hajiya, zan kwana wajen kawuna a Fagge. Alhaji, zan leƙo shago bayan la'asar mu duba tikitin tare.