"In ka je gari ka ga kowa da jela": har da kofin 'yar aiki a Indiya?

Malam Sabo: Jama'a, ga karin maganar wannan makon: "In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi jela ka ɗaura." Mu gwada ta a kan abin da mutanenmu masu zuwa jinya ko karatu Indiya suke tararwa. Mutum ya kama haya a Delhi ko Gurugram, ko ya sauka gidan wani, sai ya ga 'yar aiki tana da kofinta na ƙarfe a ajiye can ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a ƙasan kicin take cin abinci, banɗakin da take wankewa ba ta shigarsa don uzurinta, a wasu dogayen benayen ma liftarta dabam. Maƙwabta suka ce masa ai haka ake yi a nan. To, ya ɗaura jelar?

Alhaji Ɗanlami: Ya ɗaura mana, Malam. Baƙo ko da ido makaho ne. Magani ya kai shi, ba gyaran gari ba. Wata uku zai yi ya tafi, tsarin da ya tarar kuwa ya girmi kakanninsa.

Hajiya Binta: Alhaji, ka shimfiɗa karin maganar har inda ba ta kai ba. Jelar da magabata suke nufi ita ce al'adar da ba ta cutar da kowa: cire takalmi a ƙofa, kada ka shiga gidan Bahindu da naman shanu. Wannan kuwa ko dokar garin ba ta yarda da shi ba. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, ya soke ƙyamar taɓa mutum saboda asalinsa, kuma Dakta Ambedkar da ya jagoranci kwamitin rubuta shi ɗan Dalit ne, wato mutanen da ake ƙyamar taɓawar. A 1989 aka ƙara dokar hukunta cin zarafinsu, a 2013 aka yi wadda ta hana sa mutum kwashe masai da hannu. 'Yan Dalit sun kai kusan miliyan 200 a ƙidayar 2011. Ba kowa ne a garin yake da jelar ba ke nan.

Barista Nura: Gaskiyarki Hajiya, sai dai a raba abu biyu, don baƙi suna cakuɗa su. Akwai asali, wato jati, rukunin da aka haifi mutum a ciki, akwai kuma talauci. Asali ne ke raba aikin gida: mai girki dabam, mai shara da wanke-wanke dabam, mai wanke banɗaki dabam, galibi daga irin su Balmiki, wani rukuni na 'yan Dalit. A 2017 a birnin Pune wata babbar ma'aikaciyar gwamnati ta kai mai dafa mata abinci wurin 'yan sanda, wai ta ɓoye mata cewa ita ba 'yar Brahmin ba ce, wato rukunin da ake ɗauka mafi ɗaukaka. Amma tauye albashi bai san asali ba: jami'ar diflomasiyyar Indiya da aka kama a New York a Disambar 2013 kan batun biza da albashin 'yar aikinta, ita kanta 'yar Dalit ce.

Inda doka ta yi rauni shi ne kan aikin gidan kansa. Indiya ba ta amince da Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba, ta 2011, wadda ta ba 'yar aiki hutun awa 24 a jere kowane mako. Jihohi irin su Karnataka, Kerala da Tamil Nadu ne suka tsayar musu da mafi ƙarancin albashi, kowace da nata.

Alhaji Ɗanlami: To Barista, ai ka dawo layina. Abin da gwamnatinsu ba ta gama ba, mai jinya ne zai gama?

Barista Nura: Akwai inda kake da gaskiya, Alhaji. Baƙo kada ya shiga zanga-zanga, bizar jinya ko ta karatu ba ta ba shi wannan dama ba. A Disambar 2019 an sa wani ɗalibi Bajamushe da ke karatu a Chennai ya bar ƙasar saboda hakan. Kada kuma ya yi wa mai masaukinsa faɗa a gaban 'yar aikin. Shi zai hau jirgi, ita za a sallama, kuma matan unguwa suna da zauren WhatsApp, ko kwana ba za a yi ba sunanta ya ɓaci a benen gaba ɗaya.

Hajiya Binta: Amma in shi ne ya ɗauke ta aiki fa? Nan ba baƙo ba ne, maigida ne, ba shi da inda zai ɓuya. Kada ya tambaye ta sunan zuriyarta, don da shi ake gane asali, kuma ta san abin da tambayar ke nufi. A yi ciniki a fili tun ranar farko: aiki kaza, awa kaza, kuɗi kaza, hutun yini ɗaya a mako ba tare da an yanke mata ko rupee ɗaya ba. Ya biya ta hannu da hannu ko ya tura asusunta. Kada ya ba dillali, domin nan ne ɓarnar take: ana kwaso 'yan mata daga jihohin Jharkhand da Chhattisgarh zuwa Delhi, dillali ya riƙa karɓar albashin da sunan ajiya, yarinya ta shekara ba ta ga komai ba. In zamansa ya haɗu da Diwali, babban bikin mabiya addinin Hindu, al'ada ce a yi mata ƙarin kuɗi, gidaje da yawa albashin wata guda suke bayarwa. Ga jelar da ta dace ya ɗaura.

Shayi kuwa a zuba mata a irin kofin da kowa ke sha, a nuna mata banɗaki. In ta ƙi zama a kujera kada a tilasta mata, ana iya kunyata mutum da alheri. A bar tayin a buɗe kawai.

Malama Rabi: Ni dai kada mu manta, laifi tudu ne. Yarinyar da dillaliya ta kawo Kano daga ƙauye, tana kwana a kicin, kuɗinta yana tafiya hannun wata, da me ta bambanta da ta Jharkhand? Wanda bai saba biyan 'yar aikinsa a hannunta a gida ba, ba a Delhi zai fara ba.

Malam Sabo: Hajiya, in baƙon ya ga yarinya ƙarama ce ake dukanta a gidan maƙwabci fa? Nan ma ya yi shiru don kada a sallame ta?

Hajiya Binta: A'a Malam. Tun 2006 aka haramta sa yaron da bai kai shekara 14 ba aikin gida a Indiya. Ya kira 1098, layin agajin yara ne, kyauta, dare da rana. Ya faɗi sunan benen, lambar gidan da lokacin da masu gidan suke fita. Kada ya fara gaya wa maigadi, don shi ne zai kai musu labari a ɓoye yarinyar kafin a zo.