Waƙar Inna a bakin turmi

'Yar Gwale:
Salam 'yan uwa, ƙanina ne ya dawo hutu daga jami'a yake ce min wai adabi da falsafa sai an zauna a aji ake sanin su, ni kuwa wallahi tunda Inna ta rasu bara duk sanda na ɗau taɓarya sai in ji waƙar dakanta a bakina, ban ma san na haddace ba.

Inna ba ta yi boko ba ko na kwana,
Alƙalaminta dai shi ne taɓarya,
Tun asuba lugudenta ke tashin mu,
Kowane bugu da baiti a murya,
In an ɓata mata ba ta zagi,
Sai ta rera habaici ga kishiya,
Yau ni ke daka a wannan turmi,
Waƙarta a baki, kuka a zuciya.

Ɗan Marina:
Allah ya jiƙan Inna ƙanwata, ya sa ta huta. Ni a marinar Ƙofar Mata na tashi, wadda ake cewa tun 1498 take, ga nawa.

Baba da toka da katsi muke damawa,
Mu bar su kwanaki cikin rijiya,
Zane in ka tsamo shi kore-kore ne,
Sai ya sha iska shuɗin zai bayyana gaba ɗaya,
Mahaifina ya ce yaro ka duba,
Haka ɗan Adam yake a duniya,
Kar ka yanke masa hukunci da fitowa,
Bar shi ya sha iska ka ga gaskiya.

Malama daga Sakkwato:
Madalla da ku. 'Yata ki faɗa wa ƙanin naki labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, ta rasu 1864 amma har yau akwai 'Yan Taru, ƙungiyar karatun mata da ta kafa, wadda ake kiran malamarsu Jaji.

Da Larabci da Fulatanci da Hausa,
Ta tsara waƙa don a yi tarbiyya,
Jaji ta ɗora malfa ta bi ƙauye,
Mata na haddacewa a gaban tukunya.

Autan Inna:
Yaya ni ne fa, na ga komai, ki yi haƙuri bakina ne ya yi saurin magana. Mu ma a aji an faɗa mana Sokaratis, masanin falsafa na Girka, bai rubuta littafi ko ɗaya ba, a kasuwar Atina yake tare mutane da tambaya.

Na je neman abin da na baro a gida,
Ina goye a bayanta na fara jin muryar,
Tana daka ina lilo a zani,
Barcina ma da lugude yake tafiya.

Dan Allah Yaya ki rera ta ki turo min ta WhatsApp yau da dare, wurin da take ambaton garinsu ya ɓace min, tun ɗazu nake ta nema.