Kwana 49 na Meranda, ku zo mu yi ta da baiti

Anti Bilki:
Salam jama'a, yau ba dogon surutu duk mai magana ya yi ta da baiti, a kan Mojisola Meranda ta majalisar dokokin jihar Legas za mu kara, ni zan buɗe.

Daga Apapa aka zaɓo ta,
2015 ce farkon shigarta,
Sau uku akwati na ba ta,
Ta riƙe bulalar majalisa a hannunta,
Kafin mataimakiyar kakaki a naɗa ta,
13 ga Janairun 2025 ranarta,
Kakaki Mudashiru Obasa yana Amurka aka tsige shi aka ɗora ta,
Legas ba ta yi mace kakaki ba kafin ta.

Ɗan Agege:
Anti ni fa a mazaɓar Obasa nake kasuwa, ki bari in ba ki.

Anti Bilki a dai yi hattara,
Hawa daban, zama daban a kujera,
Mudashiru tun 2015 ya fara,
Naku mulkin duka kwana 49,
3 ga Maris ta sauka ya dawo ya ɗora,
A Afrilu kotu ma ta ƙara,
Ta ce tsigewar ba bisa doka aka tsara.

Malam Habu:
Ɗana ka bar rabin zance a ɓoye,
17 ga Fabrairu DSS na ƙofa a tsaye,
'Yan majalisa suka kutsa ba wanda ya janye,
36 cikin 40 suka ce bayanta suke goye,
Tana kan kujera tana share hawaye,
Sai ga Akande da Osoba na APC, su ne iyaye,
Aka shiga ɗaki aka ce Madam a ajiye,
Ba ƙuri'a ta kayar da ita ba, hannu ne a ɓoye.

Anti Bilki:
Allah ya saka Malam, wlh abin da ke ƙona min rai kenan mutum 36 sun ɗaga hannu a zaure kowa na kallo amma dattawan jam'iyya da ko kujera ɗaya ba su da ita a majalisar su ne suka yanke, to zaɓen na mene ne.

Ɗan Agege:
Anti APC ce ta ba ta tikiti,
Ita ta kai ta gaban akwati,
In uwar jam'iyya ta busa usur ba ka da kati,
Ta koma mataimakiya, ofis da mota da maigadi a geti,
Wa ya ce ta faɗi? ni dai ban ga asara a faranti.

Malam Habu:
Hhh yaro baitinka na ƙarshe ya yi ɗingishi, faranti kuma daga ina.

Ummi Kano:
Baba Malam a ba ni wuri, ni da 'yan gida zan yi.

Kuna ta jajanta wa ta Ikko,
Ita ko ta hau, ta zama ta farko,
Binuwai tun 1999 ta yi mana sammako,
Margaret Icheen ta riƙe sanda ba tsaiko,
Mu Kano kujera 40 muka ciko,
Zaɓen 2023 ba mace ɗaya da ta tsallako,
Ranar layi mu ne a rana da goyo da ƙoƙo,
Ranar tikiti a ce Hajiya ki dakata tukuna, ba a sauko.

Ɗan Agege:
Ummi kuɗin fom da na daliget fa ba da baiti ake biya ba.

Ummi Kano:
Na sani yaya, shi ya sa nake cewa duk wadda ta tsallake firamare sau uku kamar Meranda ba ƙaramar 'yar siyasa ba ce, ka daina ce mata ta aro.

Ɗan Agege:
Ni ban ce aro ba, ki koma sama ki duba. Malam saura kai, amsa-amon "ko" Ummi ta bari.