Ta kawo mini ƙara, amma tana tsoron a rubuta sunanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a ofishin kula da walwalar ma'aikata na wata makarantar koyon likitanci a nan Kumasi, kuma wata magana ta tsaya mini a rai.

Wata ƙaramar likita, 'yar Zango, tana koyar da ɗalibai a gefen gadon mara lafiya, sai wani babban malami ya katse ta, ya kira ta "pepeni", kalmar da ake wulaƙanta 'yan Arewacin Ghana da ita. Ɗalibai suka yi dariya. Ta ce wannan ne karo na uku. Da ta shigo ofishina, ruwan da na ba ta ma ta kasa sha, sai murza gefen mayafinta take yi.

Na san sashe na 17 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana nuna bambancin ƙabila, launin fata ko addini, kuma CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Amma mutumin yana cikin kwamitin ƙarin girma, shaidun kuwa ɗalibai ne da shi zai duba jarrabawarsu. Ta roƙe ni kada sunanta ya fito. Ni kuwa wallahi ba na so a kashe maganar da "a yi haƙuri".

Don Allah, wanda ya taɓa riƙe irin wannan ƙara, yaya ake buɗe bincike ba tare da an tona ta ba? Kafin nan, in nemi a sauya mata sashe, ko hakan zai zama kamar ita aka hukunta?