Inuwa ba ta fitowa, farar riga kuma ta ƙone

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawara. Na ɗauki hotuna da fim ɗin baƙi da fari na Ilford HP5 Plus a kan ISO 400 (ma'aunin saurin kama hasken fim) da rana tsaka, na wanke da maganin wanke fim na ID-11 ban sirka shi da ruwa ba. Da na ɗaga nagetif ga fitila, wurin inuwa fes yake kamar gilashi, farar riga kuma ta toshe baƙi ƙirin, ko ɗinkin wuya ba a gani. A naɗi na biyu na ƙara minti biyu a wanki, inuwar ba ta motsa ba. Ina gyaran yake?

Wani memba:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da haske bai rubuta ba wanki ba zai fito da shi ba. Wurin inuwa yakan gama wankuwa da wuri, wurin haske ne ke ci gaba da kauri, shi ya sa mintunan da ka ƙara a rigar suka ƙare. Mitar auna haske kuwa duk abin da ka nuna mata toka-toka take ɗaukarsa, in farar riga ta cika mata ido sai ta sa ka rage haske. Matsa kusa ka auna inuwar da kake son ganin abin da ke cikinta, sannan ka rufe idon kyamara mataki biyu: in ta ce f/5.6, sa f/11. Wannan shi ne Zone III, wato inuwa mai duhu amma ana ganin abin da ke cikinta, a tsarin auna haske da Ansel Adams da Fred Archer suka fitar wajajen 1940.

Wata memba:
Ɗan'uwa, ka auna zafin ruwan kuwa? Minti bakwai da rabi na wanki da kamfanin Ilford ya bayar na digiri 20 ne. In ruwan ya fi haka ɗumi, maganin ya fi sauri. Yawan jijjiga tankin wankin ma haka, daƙiƙa goma a kowane minti ta isa. Duba kuma rubutun gefen fim, in ya kwashe to maganin ya mutu.

Mai tambaya:
Rubutun ya fito raɗau, Hajiya. Ruwan dai da yatsa na taɓa.

Wani memba:
To nemi ma'aunin zafi tukuna. Ni dai ban cika wahalar da kaina da Zone a fim ɗin 35mm ba, tunda hoto 36 wanki ɗaya za su sha. In rana ta ƙwalle, ISO 200 nake sa wa mita, in rage lokacin wanki da kamar kashi 20 cikin 100. Wanda aka ɗauka cikin hadari a naɗin zai yi sanyi, amma takardar buga hoto mai gred 3, wadda ke ƙara bambancin baƙi da fari, tana tashe shi. Ɗauki abu guda sau uku, a 400 da 200 da 100, ka wanke minti shida a digiri 20, ka turo mu gani.