Biza ta fito amma saura wata biyar in gama makaranta, ya zan yi?

Admin: Daga wata 'yar uwa, ta ce a ɓoye sunanta. Wanda ya sani ya taimaka mata.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema kaina ya kulle. Mijina yana Houston a Amurka, yana da takardar zama ɗan ƙasa, shi ya cike min takardu tun bayan bikinmu, Alhamdulillah na je Legas na yi intabiyu an bani biza irin ta matar aure CR1, a jiki an rubuta za ta ƙare 20 ga Mayu. To matsalar ina ajin ƙarshe a jami'a, jarabawar ƙarshe sai Agusta sannan ga kare furojet a Satumba, shekara huɗu ina wahala wlh ba zan iya watsar da ita a bakin gaɓa ba. Ga kuma Mama ta biya mana umarar azumi ni da ita tun kafin bizar ta fito. Tambayata biyu ce, in na je Saudiyya da bizar a fasfo ɗina kafin in shiga Amurka akwai matsala? Sannan zan iya shiga in yi sati biyu in dawo in ƙarasa karatu? Shi oga cewa yake kawai in taho a manta da digirin, dangi kuma kowa da abinda yake faɗa. Aurenmu zai cika shekara 2 ranar 2 ga Mayu in da amfani a sani.

Maman Biyu: Wa alaikumussalam. Umara kam ki tafi abinki, bizar ba ta hana ki zuwa wata ƙasa ba, abinda ake so kawai ki taka ƙasar Amurka kafin ranar da aka rubuta. Amma ki riƙe fasfon nan kamar ranki, kar ki bar shi kwana da kwanaki a hannun ejan. In kuma sun haɗo miki da ambulan a liƙe kar ki buɗe, na jami'in filin jirgi ne.

Uwar Gida Kaduna: Ni dai a ganina ki rubuta musu su ƙara miki wata shida, tunda karatu ne ai uzuri ne babba, sai ki gama a tsanake ki tafi gaba ɗaya.

Yaya daga Bronx: A'a Hajiya, kar ta yi wannan gangancin. Ba a ƙara wa bizar nan kwana kamar katin waya. Ranar ƙarewarta tana ɗaure ne da gwajin asibitin da aka yi mata, wata shida ne daga ranar, shi yasa kika ga bata samu cikakken wata shida ba. In ta bari ta mutu sai dai ta roƙi a sake bugawa, sabon gwaji, sabon kuɗi, kuma sai jami'in ya yarda dalilin ya fi ƙarfinta. Ƙanwata ki saurara. Bizar shiga ɗaya ce, ranar da kika sauka jami'i ya buga miki hatimi kin zama mai zaman dindindin, kuma bizar da hatimin nan su ne girin kad ɗinki, wato katin zaman dindindin, na wucin gadi har shekara ɗaya. Da su za ki fita ki dawo ko da katin bai iso ba. Ki sa maigida ya biya kuɗin hukumar shige da ficen Amurka, wato USCIS, dala 235 kafin ki tashi, in ba a biya ba ba za su buga katin ba, in an biya kuma yakan kai wata uku kafin ya zo adireshinsa.

Mai tambaya: Ngd Yaya Allah ya saka. Kenan ko kwana goma na yi zan iya juyowa?

Yaya daga Bronx: Babu dokar da ta ce sai kin yi kwana kaza. Abinda suke dubawa shi ne ina ne gidanki na gaskiya, da kuma tsawon da kika yi a waje. Ƙasa da wata shida yawanci ba a tsananta tambaya, in ya wuce kwana 180 za su iya tsare ki da tambayoyi kuma yana iya ɓata miki lissafin neman zama 'yar ƙasa, wanda ke matar ɗan ƙasa shekara 3 ne naki ba 5 ba. In kika cika shekara a waje kuwa katin ba zai shigo da ke ba, sai an koma neman wata biza SB-1 mai wuyar samu. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Oktoba bai kai wata biyar ba, kina ciki.

Anti Nas: Wannan ranar auren da kika ambata a ƙarshe ita ce babbar magana fa, ba wanda ya kula. Su ranar da kika shiga suke kallo ba ranar da aka buga biza ba. In kin shiga aurenku bai kai shekara 2 ba katin shekara 2 za a baki mai sharaɗi, daga baya sai kun cike fom ɗin cire sharaɗin, I-751, cikin kwana 90 na ƙarshen katin, ku tara hotuna da takardun banki da na haya ku nuna auren gaskiya ne. Ni na bi ta wannan hanyar, jira ne mai cin rai ga kuɗi. In kuwa kika shiga bayan 2 ga Mayu na shekara 10 ya kamata a baki kai tsaye duk da CR1 ke jikin bizar. Ki riƙe takardar aurenku a jakar hannu, ki nuna wa jami'in ki faɗa masa da bakinki kun cika shekara biyu.

Maman Biyu: Gaskiya ne amma Anti ni tsoro nake ji, daga 2 zuwa 20 kwana 18 ne kacal. Jirgi ya soke tashi ko ciwo ya zo fa? Ga yadda dokokin shiga ƙasar nan suke canzawa a kan 'yan ƙasashenmu, yau a ce kaza gobe a ce kaza. Ni da ni ce ina dawowa daga umara zan wuce, tsuntsu ɗaya a hannu.

Anti Nas: Shi yasa ba zan ce ta kai 18 ko 19 ba. Ta yanki tikitin 4 ko 5 ga wata irin wanda ake iya canja rana, in ta ji wata sanarwa ta taso sai ta matso da shi ta tafi a ranar. Katin shekara 2 ma ai kati ne, bai kai a rasa bizar saboda shi ba.

Baban Walid: Ku yi haƙuri in sa baki, matata ta yi irin wannan zirga zirgar. Sati biyun nan kar ya tafi a ziyara da cin shinkafa. A sa sunanki a takardar haya, ku buɗe asusun banki tare, ki tabbatar lambar soshal sikiyuriti, wadda ake aiki da biyan haraji da ita, ta fito, lokacin haraji ya saka ki a matsayin matarsa mazauniya. Ranar dawowa ki riƙo takardar makaranta mai nuna ranar jarabawa, in an tambaye ki ki faɗi gaskiya gajeriya, na je ƙarasa digiri ne na gama na dawo gida. Kuma duk takardar da aka miƙo miki a filin jirgi kar ki sa hannu sai kin karanta, akwai I-407 wadda ta ajiye zaman ce da kanki.

Yaya daga Bronx: Ƙari ɗaya, yajin aiki. Jami'o'inmu kin san hali, a 2022 wata takwas aka yi a gida. In kina ganin abin zai ja akwai takardar izinin dawowa, fom I-131, amma dole kina cikin Amurka za a tura, kuma sai an kira ki ɗaukar hoton yatsu wanda ba lallai ya faɗo cikin sati biyu ba. Ni shawarata in aka shiga yajin aiki kawai ki hau jirgi ki koma wajen mijinki ki jira a can. Bautar ƙasa kuma ki cire ta a lissafi yanzu, shekara guda ce cur. In da hali ku ba lauyan shige da fice awa ɗaya ya duba takardunku.

Mai tambaya: Wlh kun sauke min dutse. Na karanta wa oga duka a waya, ya yarda zan shiga 5 ga Mayu in dawo 19, in Allah ya kaimu ina kare furojet sai tafiya gaba ɗaya. Sauran in samu shugaban sashenmu gobe kan lakcocin da zan rasa. Anti Nas dan Allah takardar auren, ta kotu zan riƙe ko har da ta masallaci?

Anti Nas: Wadda kika kai intabiyu suka karɓa, ita za ki riƙe, ta asali ba hoto ba. Ki haɗa da ɗayar ma ba ta da nauyi. Ki sa mu a addu'a a Harami.