Wane suna za mu ba require_auth da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu aiki da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. "Kalmar sirri", "tantancewa" da "rumbun bayanai" duk sun zauna a bakinmu. Saura require_auth, saitin da ke ba mai neman shiga damar zaɓar hanyar tantancewa, wanda ya zo da siga ta 16 a Satumbar 2023.

2/ A da, uwar garke ce mai wuƙa da nama, bisa abin da aka rubuta mata a pg_hba.conf, fayil ɗin dokokin shiga. In ta ce a turo kalmar sirri tsirara, libpq, ɓangaren da ke haɗa manhajarka da ita, zai tura. In ta ce a shigo kawai, zai shiga, ba tare da ya tambayi dalili ba. To in ɗan damfara ne ya tsaya a tsakiya yana kwaikwayonta fa? Ya samu kalmar sirrinka a ɓagas. SCRAM-SHA-256, hanyar tantancewa da ba ta tura kalmar sirri tsirara, yana nan tun siga ta 10 a 2017, amma hakan bai hana uwar garken bogi neman a bi hanya mai rauni ba.

3/ Yanzu in ka rubuta require_auth=scram-sha-256, manhajarka ce ke kafa doka: ko wannan hanya, ko a fasa. Ko an buɗe mata ƙofa ba tambaya, juyawa za ta yi. Alamar ! kuma ta hani ce, kamar require_auth=!password, wanda ke hana tura kalmar sirri tsirara.

4/ An kawo shawarar a kira shi "tilasta tantancewa". Ban gamsu ba, don duk wanda ya ji zai ɗauka uwar garke ce ke tilastawa, alhali sabon abin shi ne ikon ya koma hannun mai neman shiga.

5/ Wani malaminmu ya ce "tantance juna". Malam, da girmamawa, a ajiye wannan don saitunan channel_binding da sslmode=verify-full. Su ne ke tabbatar maka da wa kake magana. Shi require_auth hanya kawai yake zaɓa, ba ya maye gurbinsu, kuma in muka haɗa su a suna ɗaya masu koyo za su saki jiki inda bai kamata ba.

6/ Nawa zaɓin: "sharaɗin mai shiga". Ya nuna wanda ya gindaya, kuma yana tafiya a jimla: "Ka sa sharaɗin mai shiga a manhajar nan kuwa?" Mai wanda ya fi shi gajarta ya ajiye a ƙasa, mu gwada shi a jimlar nan.